Gajeren labarin Dungeons & Dragons ya fi ƙarfin 'yan wasana biyu, ya zan yi?

Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka saba jagorantar wasan Dungeons & Dragons bugu na 5, wato wasan tebur da kowane ɗan wasa ke riƙe jarumi a cikin labari, jagora yana ba da labarin yana riƙe da dodanni, ɗan ludo kuma yana yanke sakamako. Na sayi wani gajeren labari da ake gamawa a zama ɗaya, an tsara shi don mutum huɗu masu jarumai a matakin ƙarfi na 3, ni kuwa 'yan wasana biyu ne: mayaƙi da matsafi.

Tattaunawa da binciken kogo suna tafiya lafiya lau. Faɗa ne matsalar. Dodanni sun fi su yawan bugu a kowane zagaye, da zarar mayaƙin ya faɗi shi ke nan, ga shi babu mai warkarwa. Na rage yawan dodannin, sai faɗan ya yi lami, babu wata fargaba. Na ƙara musu mataki zuwa na 5, sai matsafin ya samu tsafin ƙwallon wuta, yana share ɗaki da jifa ɗaya.

Ba na son in riƙa ɓoye abin da ɗan ludo ya nuna don in sauƙaƙa musu, a ganina cin amanarsu ne. Shin in haɗa su da mataimaki da zan riƙe da kaina, ko kowa ya riƙe jarumi biyu? Babban dodon ƙarshe fa, yawan dukan da zai iya jurewa zan rage ko ƙarfin dukansa?