Shin cibiyar ƙwayar zarra tana sauya siffa idan juyinta ya tsananta?

Ɗalibin Fiziks:
Assalamu alaikum, malamai. Na karanta cewa cibiyar ƙwayar zarra, wato dunƙulen furoton da niyutiron, tana iya juyawa da tsananin gudu har siffarta ta sauya. Shin bajewa take yi, kamar yadda juyi ya sa duniyarmu ta kumbura a tsakiya, ko kuwa miƙewa take yi? Kuma ta yaya aka sani, alhali babu wanda ya taɓa ganinta?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da tambayarka ta biyu. Ana harba wata cibiya a kan wata, su haɗe su zama guda mai ɗauke da juyi mai yawa, sannan ta zubar da 'yan niyutiron, ta riƙa sakin hasken gama (wani haske mai ƙarfi ƙwarai da ido ba ya gani) a jere, ɗaya bayan ɗaya, kowane saki yana rage juyinta da 2ħ (ħ shi ne ma'aunin yawan juyi a wannan fanni). Daga ƙarfin wannan haske da tazarar da ke tsakanin ɗaya da na gaba ake lissafa yadda nauyin cibiyar ya rarrabu, daga nan kuma a gane siffarta.

A 1971, Johnson da Ryde da Sztarkier sun lura a Sitokholm cewa wannan jeri na hasken gama yana rikicewa a cibiyar sinadarin disfurosiyam-160 (lambar ita ce jimillar furoton da niyutiron ɗinta) idan juyi ya yi sama. Stephens da Simon ne suka bayyana dalili a 1972: niyutiron suna zama biyu-biyu, kowanne yana kewayawa saɓanin abokinsa, amma ƙarfin Coriolis, wanda ke karkatar da abin da ke motsi a cikin jiki mai juyawa, yana raba wasu biyu daga ciki, su daidaita kewayensu da juyin cibiyar. Da zarar sun ɗauki wani kaso na juyin, sai sauran jikin ya rage gudu duk da cewa jimillar juyin ta ƙaru.

Malama Hadiza:
Ɗalibi, amsar tambayarka ta farko ita ce duka biyun suna faruwa. Misalin miƙewa da ya fi shahara shi ne disfurosiyam-152, wanda Peter Twin da abokan aikinsa suka gano a Daresbury da ke Ingila a 1986, bayan sun harba kalsiyam-48 a kan faladiyam-108. Sun samu jeri mai kaiwa 60ħ, tazararsa kusan daidai take, wajen 47 keV (keV ma'aunin makamashi ne), abin da ke nuna cewa tsawon cibiyar ya ninka faɗinta sau biyu. Ba juyi kaɗai ya janyo haka ba. A wannan siffa matakan makamashin furoton da niyutiron suna barin babban giɓi da ke ba cibiyar kwanciyar hankali, shi ya sa ba kowace cibiya ke iya yin haka ba.

Ɗalibin Fiziks:
Na gode, Malama. To, ina misalin bajewar?

Malam Sani:
Dubi arbiyam-158. Tana farawa a miƙe, jikinta duka yana juyawa tare, amma yayin da juyi ke ƙaruwa, furoton 4 da niyutiron 8 da suka ƙaru a kan cikakken dunƙulen tsakiya na gadoliniyam-146 suna daidaita kewayensu a hankali, har a 46ħ ya zama su goma sha biyun ne ke ɗauke da juyin gaba ɗaya. A nan cibiyar ta ɗan baje, jerin kuma ya ƙare, domin babu sauran abin da za su ƙara. A ganina nan ne kwatancenka da duniya yake gazawa, tun da bajewar ta fito ne daga kewayen 'yan ƙwayoyi ƙalilan, ba daga majaujawar jiki duka ba. Kuma labarin bai tsaya nan ba, domin a 2007 Gammasphere, na'urar gano hasken gama da ke Amurka, ta nuna cewa juyin jiki duka tare yana dawowa a arbiyam-158 sama da wannan mataki, har zuwa wajen 65ħ.