Wace kyauta yaran aji ɗaya za su yi wa iyayensu mata?

Malamar aji ɗaya, Gadarif:
Assalamu alaikum. Ranar 21 ga Maris ta matso, wadda ake kira ranar uwa a nan Sudan kamar yadda ake yi a Masar tun 1956, kuma ina so kowane yaro ya koma gida da abin da ya yi da hannunsa. Takarda mai launi da gam sun yi tsada, yawancin yaran kuma ba su gama iya haɗa baƙaƙe ba. Ina neman shawararku.

Malami daga Kasala:
Wa alaikumus salam, Malama. Kayan aikin suna kusa da ke. Ki jiƙa ƙaro ya kwana, da safe ya zama gam, ki kuma dafa zoborodo ya yi kauri sosai, shi ne launinki. Kowane yaro ya tsoma tafin hannunsa a ciki ya danna a kan kwalin da kika yanka, idan ya bushe sai ya manna 'ya'yan dabino ko guntayen kaba a gefe. Ki jarraba shi tukuna a gida, domin wani kwalin yana shanye launin.

Wata uwa:
Malama, roƙona shi ne kada ki rubuta jimla guda a allo kowa ya kwafa. Ki tambayi yaro abin da mahaifiyarsa take yi masa, ko da cewa zai yi tana hura masa kunu idan ya yi zafi, ki rubuta masa da fensir ya bi sawu. Idan da Hausa ya faɗa, a rubuta da ajami, tunda baƙaƙen Larabcin yake koyo. Karkataccen rubutun ma a bar shi, shi ne muke ajiyewa a ƙasan akwati.

Tsohuwar malama:
'Yata, ki fara duba rajistarki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Gadarif ta karɓi 'yan gudun hijira masu yawa, kuma da wuya ajinki ya rasa maraya ko wanda aka raba da mahaifiyarsa. Ki ce musu kyautar ta wadda take kula da su ce, kaka ce, gwaggo ce ko inna, kuma ki faɗi haka tun kafin a raba kwali. Akwai kuma iyayen da ba su yarda da keɓe ranar ba, saboda haka ki ba da kayan a wata Alhamis da ta gabace ta.