Neman shawara: me ake dubawa kafin a ba mutum babban jami'in OT a asibitin gwamnati?

Ummu Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ni jami'ar OT ce, cikin masu koya wa majinyaci komawa ayyukansa na yau da kullum bayan ciwo ko rauni. Shekarata huɗu a asibitin gwamnati, yawancin aikina da masu shanyewar ɓarin jiki ne da masu ƙuna. An fitar da gurbin babban jami'i, ina son nema. Wasu sun ce sai da digiri na biyu, wasu sun ce shekaru kawai ake ƙirgawa. Waɗanne takardu ake dubawa, kuma ina aikin ya bambanta da wanda nake yi yanzu? Don Allah manya a taimaka.

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Batun takarda shi ne mai sauƙin. Ana son shaidar karatun OT daga makarantar da hukumar ƙasarku ta amince da ita. Idan makarantar na cikin jerin WFOT, ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya da aka kafa a 1952, ki rubuta hakan a takardar neman aikin, domin ƙa'idarta ita ce ɗalibi ya yi aƙalla awa 1,000 na aiki a kan majinyata kafin ya gama. Sai lasisi, kuma ya zama da ransa a ranar da za a rufe karɓar takardu. Nan ake zubar da mutane tun kafin intabiyu. Sai shaidar kwasa-kwasan ƙarin ilimi, da kwanan wata da adadin awanni.

Shekaru kuwa kowace ƙasa da tsarinta. A Ayilan shekara uku cikakku bayan kammala karatu ake nema. A Ingila sabon shiga yana farawa a matakin albashi na 5, mai gogewa ya hau na 6. Ki karanta sanarwar da kyau ki ga daga ina ƙirgen ya fara, daga ranar gama makaranta ko ranar rajista, kuma ko shekarar koyon aiki tana ciki. Digiri na biyu a yawancin wurare ƙari ne, ba sharaɗi ba, sai a irin Amurka inda da shi ake shiga sana'ar tun farko.

Maman Ilham:
Malam Abu Yasir ya gama da takardu. Ni ƙanwata abin da zan ja hankalinki a kai shi ne, shekaru suna kai mutum bakin ƙofa ne kawai. Abin da kwamiti ke son gani shi ne kina yanke hukunci da hujja, kina aunawa, kina rubutawa yadda wani zai ɗauki fayil ɗin ya ci gaba ba sai ya neme ki ba.

Ɗauki ma'aunin Barthel, wanda ke auna yadda majinyaci ke yin ayyukan yau da kullum da kansa. Abu goma ne: cin abinci, wanka, gyaran jiki, sa tufafi, riƙe bayan gida, riƙe fitsari, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, da hawa matakala, maki 0 zuwa 100. Kuskuren ƙananan jami'ai shi ne su rubuta abin da majinyaci zai iya yi, alhali abin da yake yi a zahiri ake so. Ki tambayi nas ɗin dare da mai jinya, amsarsu takan bambanta da abin da kika gani da hantsi. Kuma mai maki 100 yana iya kasa girki ko shan maganinsa daidai, don ma'aunin bai taɓa waɗannan ba. Shi ya sa ake haɗa shi da COPM, inda majinyaci da kansa yake zaɓar matsaloli har biyar, ya ba kowace maki 1 zuwa 10, sannan a sake aunawa. Canjin maki 2 shi ake ɗauka ci gaba na gaske.

Gwajin MoCA na ƙwaƙwalwa maki 30 ne, 26 zuwa sama shi ne daidai, ana ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. Amma wanda bai taɓa riƙe biro ba, idan kika ba shi zanen agogon da ke cikin gwajin ya kasa, rashin makaranta kika auna. Irin wannan ki sa shi ya yi aiki a gabanki, ya sa riga ko ya jera magungunansa na yini, ki lura da inda ya tsaya da dalilin tsayawar.

Tunda kina ganin masu ƙuna, ki sa ran tambaya a kan sifilin, wato robar da ake ɗaura wa gaɓa don ta tsaya yadda ake so. Robar tana laushi a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 na ma'aunin Celsius. Idan bayan hannu ne ya ƙone, wuyan hannu ya ɗaga da kusurwar digiri 20 zuwa 30, gaɓoɓin tushen yatsu su lanƙwashe 70 zuwa 90, sauran gaɓoɓin yatsu a miƙe, babban yatsa a ware. Dalili: jijiyoyin gefen gaɓar tushe suna miƙewa ne idan gaɓar ta lanƙwashe, in aka bar ta a miƙe sai su ƙanƙance, hannu ya ƙame ya kasa damƙa. Idan tafin hannu ne ya ƙone, akasin haka za ki yi, a buɗe tafin. Kwana ukun farko kumburi yana canzawa, don haka a ɗaura da bandeji maimakon maɗauri mai matsewa, a riƙa sake gyara robar. Bayan minti 20 zuwa 30 da sawa ki cire ki duba fata. Wurin da ya yi ja ko ya yi duhu bai koma daidai ba, robar na danna shi. Mai ƙunar gaban wuya ba a sa masa filo. Rigar matse tabo kuma awa 23 ake sa ta a yini, tsawon wata 12 zuwa 18, kuma in ba a zaunar da iyali an yi musu bayani ba, cikin mako biyu za ta koma ƙasan akwati.

Ummu Hafsa:
Na gode Anti, Allah ya ƙara sani. To masu shanyewar ɓarin jiki fa? Mu kusan duk wanda hannunsa ya fara ƙamewa muna yi masa sifilin.

Maman Ilham:
Wannan al'adar ita ce irin abin da babban jami'i zai tsayar. Bincike bai nuna sifilin na hana hannu ƙamewa bayan shanyewar ɓarin jiki ba, kuma ƙa'idojin jinya na Ingila sun ce kada a riƙa bayar da shi ga kowa. A ware shi ga mai dalili, kamar wanda farcensa ke huda tafinsa ko tafin ya ƙi wankuwa. Hannun da ke da ɗan motsi aiki yake so, maimaici mai yawa a kan abin da mutum ke buƙata. Wanda zai iya ɗaga wuyan hannu digiri 20 da yatsu digiri 10 ya cancanci a tauye lafiyayyen hannun na wasu awanni don a tilasta mai ciwon. Kafaɗa kuma a koya wa kowa, har masu tura gado, kada a ja majinyaci ta wannan hannun.

Baban Sadik:
Ni ɓangaren fisiyo nake, wato masu gashi da motsa jikin majinyaci, amma kwamitin intabiyu yakan haɗa mu. Hajiya Maman Ilham ta yi gaskiya, sai dai Malama kada ki tafi da ilimin majinyaci kaɗai. Rabin aikin babban jami'i ba a bakin gado yake ba.

Za a ɗora miki ƙananan jami'ai da mataimaka da ɗalibai. Sa ido a kansu zama ne mai rana da lokaci, a tattauna majinyata, a rubuta abin da aka cimma, ku biyu ku sa hannu. Gaisuwa a baranda ba ta cikin lissafi. Aikin da kika ba mataimaki nauyinsa yana wuyanki, don haka gwajin farko da canza tsarin jinya ba a miƙa su. Za ki tsara layin jira bisa haɗari, ba bisa wanda ya riga zuwa ba: sabuwar ƙuna, ɗinkin jijiyar yatsa, da wanda za a sallama gobe suna gaban mai ciwon shekara biyu. Sai lissafin kaya, don roba da maɗauri in suka ƙare sayen gwamnati ba ya sauri.

Kafin intabiyu ki ɗauko fayil 20 a jere, da izinin shugabanki. Ki ƙirga nawa ne ke da maki ranar shiga da ranar sallama, nawa ke da burin jinya mai ranar cika. Ki gyara abu ɗaya, ki sake ƙirgawa. Ki je da sakamakon babu sunan majinyaci ko lambarsa. Wannan ya fi doguwar takardar yabo ƙarfi.

Abu Yasir:
Ƙari ɗaya ƙanwata, tambayar da ba ta cika wucewa ba: likita yana son gadon, iyali suna son tafiya, ke kuma kin ga majinyaci bai shirya ba. Kada ki ce za ki hana sallama, kada kuma ki ce za ki yi shiru. Ki faɗi haɗarin da sunansa, ki rubuta, ki kawo abin da zai rage shi. Yaya yake tashi daga gado, mutum nawa ke kama shi, wa aka koya wa kuma an ga ya yi da hannunsa, yaya banɗakin gidan yake, akwai matakala? Idan hankalinsa cikakke ne ya ce zai tafi, haƙƙinsa ne.

In keken guragu za a ba shi, a auna shi. Faɗin mazauni ya dace da ƙugu ba tare da matsewa ba, tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a bar yatsa biyu zuwa uku. Mazaunin da ya yi tsawo yana sa mutum zamewa gaba, daga nan gyambon kwanciya ke farawa. Wanda ba ya jin taɓi a mazaunai ba a ba shi keke babu matashin rage nauyi. Gangaren shiga gida, duk tudun santimita 10 yana son tsawon santimita 120. Ki sa ranar da za a sake duba keken kafin ya bar asibitin.