Shawarwarin Dattawan Ikkilisiya Kan Rayuwa Bayan Ritaya

A wata tattaunawa da wasu dattawa Kiristoci 'yan fansho suka yi a Jos bayan sujadar Lahadi, abin da ya fi cin lokaci shi ne yadda mutum zai tafiyar da yininsa idan ya daina fita aiki. Yawancinsu sun ba da shawarar a keɓe safiya ga addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, wani tsohon malamin makaranta ma ya ce sai da ya ajiye alli ya fahimci Zabura ta 90, wadda ta ƙayyade kwanakin ɗan Adam da shekara 70 ko 80.

Kan kuɗin sallama, sun yi gargaɗi kada a zuba shi cikin sana'ar da ba a sani ba, kuma a ci gaba da ba da zakka da baiko gwargwadon fansho, ba don ganin ido ba. Sun fi jaddada zumunci da maƙwabta Musulmi, wato kai gaisuwar Sallah da aika abincin Kirsimeti, al'adar da rikicin 2001 ya raunana a unguwanni da dama na garin.