Neman shawara kan wasan windsurfing ga mai farawa

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Alƙahira, kuma a hutun da ya wuce mun je Dahab da ke yankin Sinai, inda na ga mutane tsaye a kan wani allo mai faɗi, suna riƙe da ƙyalle mai sanda, iska tana tura su a kan teku. An ce mini sunan wasan windsurfing. Na iya iyo daidai gwargwado, amma ni ba ƙaƙƙarfa ba ne, shi ya sa nake tambaya ko wasan na masu damtse ne kawai.

Abu Safwan: Wa alaikumus salam, ƙanena. Damtse ba shi ne abin dubawa ba, sanin inda iska ke fitowa shi ne karatun farko. Mai koyo yana farawa da babban allo da ƙaramin ƙyalle wanda bai wuce murabba'in mita 4 ba. Za ka tsaya ka ba iska baya, sandar tana tsakanin ƙafafunka, sannan ka jawo igiyar da ke ɗaure a jikin sandar a hankali har ƙyallen ya tsane daga ruwa, gwiwoyinka a ɗan lanƙwashe, domin wanda ya sunkuya ya ja da ƙugu, ciwon baya zai kwasa kafin azahar. Allon ba shi da sitiyari. Idan ka karkata ƙyallen baya, hancin allon zai juya wajen iska, idan ka karkata shi gaba kuma sai ya kauce mata. Ba a fuskantar iska kai tsaye, sai dai a riƙa yanka ta gefe da gefe.

Maman Ilham: Wannan karkatawar ita ce asalin wasan. Jim Drake da Hoyle Schweitzer ne suka haɗa sandar da allon da wata gaɓa mai juyawa kowane ɓangare, a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1960, ko da yake Newman Darby ya riga su gwada irinsa a 1964. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1984, mata kuma suka samu nasu rukunin a 1992.

Baffa Sule: Yaro, ka ji abin da ya same ni. Ranar da na fara, iska tana kaɗawa daga tudu zuwa teku, ruwan kuwa lumui, na ɗauka sa'a na yi. Duk faɗuwar da na yi sai na ga mutanen bakin gaɓa suna ƙara ƙanƙancewa, hannuwana sun yi kanta saboda jan igiya, har sai da ƙaramin jirgin ceto ya zo ya ɗauko ni. Kada ka shiga ruwa a irin wannan iskar kai kaɗai, ka sa rigar ceto, kuma idan ka gaji ka zauna a kan allon, kada ka bar shi ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa.

Ɗan Gwale: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baffa, kwana nawa ka yi kafin ka iya juyowa inda ka taso?