Yadin gora za mu ce, ko kuwa?

Mai Yadi, Wuse: Jama'a, singileti da safa da zanen gado masu hoton gora a jikin leda sun yawaita a Kasuwar Wuse. Mai saye ya tambaya da Hausa, me za mu ce masa? Yadin gora?

Malamin Kimiyya: Alhaji, gorar dai ita ce, wadda ake sanda da ita. Amma ka ce yadin gora, mutum zai ɗauka bugunta aka yi aka kaɗa zaren. Yawancinsa daga masana'antun Sin yake. Ana daddatsa gorar a dafa, a jiƙa ta a soda mai cin hannu, a zuba sinadarin kabon daisalfaid ta narke ta yi kauri, sannan a matso ta ta ƙananan huji zuwa cikin asid irin na batirin mota. Nan take daskarewa ta zama zare. Biskos ke nan, da wasu itatuwan ma ana yinsa. Batun wai yana kashe ƙwayoyin cuta kuwa, talla ne. A 2022 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta sa manyan kantunan Walmart da Kohl's biyan tarar dala miliyan 5.5 a jimlace saboda sayar da biskos da sunan gora.

Hajiya Mai Ɗinki: Silikin gora fa, Malam? Santsin ya kai.

Malamin Kimiyya: A'a Hajiya, siliki tsutsa ke yinsa, kar mu ƙara ruɗani. Akwai yadin gora na ainihi da ake farfasa gorar a tsefe zaren, yana da kaushi, ga tsada, da wuya ki gan shi a Abuja. Shi ya cancanci zaren gora.

Hajiya Mai Ɗinki: To a saka narkewar cikin sunan, don ita ke jawo matsala. In biskos ya jiƙe yana rasa kusan rabin ƙarfinsa, yana kuma tsukewa. A wanke kafin a yanka, da ruwa mai sanyi, ba murɗawa. Safa ko riga a shimfiɗe ta bushe, in an rataye da lema sai ta miƙe. Mai shakkar an haɗa da roba ya ƙona zare ɗaya: biskos warin takarda yake, ya bar toka, mai roba dunƙulewa yake.

Mai Yadi, Wuse: Yadin narkakkiyar gora ya yi wa kasuwa tsawo. A baki mu ce biskos na gora, mai son bayani a ce masa narkakkiya ce. Zaren gora a bar wa mai kaushin.