Shin arzikin dare ɗaya yana kawo wa mai ƙirƙirar wasan kwamfuta farin ciki?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina haɗa wasan dara na waya. Da rana ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, da dare kuma in zauna a shagona ina fama da kwamfuta har sai cajinta ya ƙare. A makon jiya wani kamfani ya yi tayin sayen wasan ɗungurungum, da kuɗin da ban taɓa riƙe kwatankwacinsu ba, bisa sharaɗin in cire hannuna daga kansa gaba ɗaya. Maimakon murna sai barci ya ƙaurace mini, domin labarin Markus Persson ya tsaya mini a rai. Shi ne ɗan ƙasar Suwidin da ya ƙirƙiri wasan kwamfuta mai suna Minecraft a 2009, sannan a 2014 Microsoft ya saye kamfaninsa, Mojang, a kan dala biliyan 2.5. Ya sayi gidan dala miliyan 70 a Beverly Hills ta ƙasar Amurka, amma a 2015 sai ga shi a Twitter yana kukan cewa bai taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba. Kuɗina ko kusa ba su kama ƙafar nasa ba, duk da haka ina tambaya: dukiyar ce ta raba shi da farin ciki, ko kuwa wani abu ne dabam?

Baban Khadija:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ban san komai game da kwamfuta ba, amma shekarata 30 ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma na ga waɗanda suka kwana da talauci suka tashi da arziki. A ganina kaɗaicin da Baturen nan yake kuka da shi ba shi ne zai same ka a Kano ba, naka cunkoso ne. Akwai maƙwabcina a kasuwa da kaya suka yi masa tashin gwauron zabo a hannu, cikin wata guda ya zama wani abu. Kafin nan kullum bayan sallar isha'i yana majalisarmu, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ana tsokanarsa yana ramawa. Bayan ya samu, da ya iso sai a miƙe a ba shi tabarma mafi kyau, kowa na "ranka ya daɗe", kuma duk gaisuwar da aka yi masa sai ta ƙare da maganar kuɗin asibiti ko na makarantar yara. Wata rana ya ce mini ya daina gane wanda ya zo dominsa da wanda ya zo domin aljihunsa, daga ƙarshe ya daina zuwa. Idan ka sayar, ka riƙe bakinka game da adadin, ka fitar da haƙƙin Allah idan shekara ta zagayo, ka kyautata wa iyayenka, kuma kada ka tashi daga unguwarku da gaggawa.

Malama 'Yar Kabuga:
Baba ya faɗi gaskiya game da jama'a, sai dai ina ganin akwai ɓangaren da ya fi shafar mai tambaya, wato sharaɗin nan na cire hannu. Persson da kansa ya ce ya sayar ne domin ya tsira da hankalinsa, ba domin kuɗi ba, saboda Minecraft ya girma fiye da yadda zai iya ɗauka, kuma duk abin da ya ɓata wa masu wasan rai shi ake zagi. Ke nan damuwarsa ta riga cinikin. Abin da cinikin ya ƙara masa shi ne ya raba shi da aikin da yake tashi dominsa kowace safiya, da abokan da suka yi wahalar tare. A dubi kuma Dong Nguyen na ƙasar Biyetnam, wanda aka ruwaito wasansa Flappy Bird yana samar masa kimanin dala 50,000 a kullum daga tallace-tallace, amma ya janye shi da hannunsa a watan Fabrairun 2014, yana cewa mutane sun kamu da shi fiye da kima. Shi kuwa Eric Barone na Amurka ya shafe shekara huɗu da ɗoriya yana gina Stardew Valley shi kaɗai, wasan ya fito a 2016 ya karɓu ƙwarai, amma bai ajiye aikin ba, ya ci gaba da ƙara masa sababbin abubuwa kyauta. Ba na shiga zuciyar kowa, amma a cikin ukun nan wanda ya ci gaba da riƙe aikinsa shi ne ban ji yana irin wannan kukan ba. Saboda haka, Malam, kafin ka sa hannu ka kai takardar wurin lauya, a duba ko ta hana ka yin wani wasan makamancinsa nan gaba.

Ɗan Gwammaja:
Na gode, Baba, na gode, Malama. Na koma na karanta takardar a tsanake, kuma lallai akwai sakin layin da ya hana ni fitar da kowane irin wasan dara har tsawon shekara 3, alhali dara kaɗai na iya, domin tun ina yaro nake zama gefen kakana yana haƙa gurabunta a ƙasa a ƙofar gida. Gobe in Allah ya kai mu zan rubuta musu in nemi su sayi rabi, ni kuma in ci gaba da kula da wasan. Ko akwai wanda ya san lauya a nan Kano da ya saba da harkar haƙƙin mallakar manhaja?